Mansir Ya Cire wa Layi Doro

A layin shagunan Baffa da ke Wunti, tsakanin rumfar masa da shagon ɗinki, akwai wani ɗan shago da allonsa ya fi ƙofarsa girma. A jikin allon an rubuta: INJINIYA MANSIR, KWAMFUTA DA SAURAN ILIMI. Wanda ya ba Mansir sunan injiniya, har yau ba a gano shi ba. Abin da aka sani shi ne yana buga katin biki, yana fotokofi, yana cike wa mutane fom, in kuma tsautsayi ya zaunar da kai a bencinsa minti biyar, zai gaya maka da a wata ƙasa aka haife shi da tuni hotonsa na jikin kuɗi.

Shekara goma mutanen layin nan suna sayen ruwa a hannun 'yan garuwa. Ana nan sai Hajiya Habibatu, wata babbar 'yar kasuwa ta Ƙofar Wambai wadda mahaifinta ya taɓa zaman shago a wurin, ta haƙa musu rijiyar burtsatse sadaka, ta ɗora musu ƙaton tanki a kan ƙarfe. Saura kawai a ja bututu zuwa inda ake bukata. Sharaɗinta guda ne: a zana mata hanyar bututun a takarda, don akwai wasu rijiyoyi shida da za ta haƙa a cikin gari, wanda duk aikinsa ya yi kyau shi za ta riƙe.

Baffa, mai shagunan, dattijo mai farin gemu har ƙirji, ya tara mutane a gindin tanki. Ya gabatar musu da Toma, mai aikin famfo daga Zungur, mutum marar yawan magana, wanda ya yi shekara ashirin yana binne bututu a Bauchi. Baffa bai rufe baki a kan maganar zane ba Mansir ya miƙe tsaye.

"Baffa, zane kuma ai an zo gida. Wannan a wurina kamar shan ruwa ne."

Inna A'i mai masa ta ce, "Ruwan dai shi muke nema, ɗan nan. Ka sha a hankali."

Washegari Toma ya zauna a bencin Mansir yana faɗa, Mansir yana zanawa. Manhajar da yake aiki da ita kyauta ya sauke ta, aikinta kuma ba wuya. Ka ajiye akwati nan, ka ajiye akwati can, ka ja layi ya haɗa su. In ka matsar da akwati, layin ya bi shi kamar akuya da igiyarta. In layi ya tarar da akwati a gabansa, sai ya kewaye shi. In layi biyu suka gitta, sai ɗaya ya yi ɗan doro ya haye ɗan'uwansa, don mai kallo ya san wucewa suka yi, ba haɗuwa ba.

Aka zana tanki. Aka zana wurin alwala na masallacin layin, da rumfar Inna A'i, da shagon wanki da guga na Oga Anayo da ke saman bene. Aka ja layin ruwan wankin Anayo ya sauka zuwa kwata, aka kuma ja wani daga wuyan tanki zuwa kwatar, don in tanki ya cika rarar ruwa ta samu hanya. Toma ya duba sama ya duba ƙasa, ya ce, "Haka ya yi. Buga min."

"Yanzu? Haba Toma. Ai wannan ɗanye ne. Ka dawo gobe ka ga aikin masu ilimi."

Da Toma ya fita, Mansir ya zuba wa zanen ido, ransa bai so shi ba. Layuka suna ta kewaye-kewaye kamar mai gudun surukai, ga doro nan har wuri uku. Ya za a yi a kai wa mace irin Hajiya Habibatu zane mai ƙusumbi? Ya naɗe hannun riga, ya shiga cikin hanjin manhajar, can wurin da masu ita suka sa gargaɗi da jan rubutu. Ya taɓa kallon wani bidiyo a waya da ya nuna yadda ake shiga. Bai dai kalli ƙarshensa ba, don data ta ƙare.

Gyara uku ya yi kafin la'asar. Na farko, ya hana layi yin doro: duk inda biyu suka gitta, su wuce sumul. Na biyu, ya hana kewaye: kowane layi ya miƙe ɗoɗar ta hanya mafi kusa. Na uku shi ya fi burge shi. Ya sa wa bakin layi maganaɗisu, ya riƙa kama duk akwatin da ya fi kusa da shi ba sai an wahala an ja shi ba.

Daga nan sai ya lura babu shagonsa a zanen. Gaskiya ne shagon ba ya bukatar famfo, amma ina aka taɓa ganin taswirar layi babu babban ofishinsa? Ya zana akwati mai girman biyun na masallaci, ya ajiye shi gab da tanki, ya shiga zaɓar masa launi. Yana cikin tantama tsakanin kore da ruwan ƙwai, layin rarar ruwa ya saki kwata ya yi tsalle ya maƙale a jikin sabon akwatin. Mansir bai gani ba. Ruwan ƙwai ya zaɓa.

Ya leƙa waje ya ƙwala wa Anayo kira. Shi Anayo haifaffen Bauchi ne, Hausa a bakinsa kamar a nono ya sha ta. Ya sauko daga bene da kumfa a hannu.

"Oga Anayo, zo ka ga abin da masu wannan manhaja suka kasa shekara da shekaru. Yau na gyara musu. Wasiƙa zan rubuta musu, in sun ga dama su zo su koya."

Anayo ya leƙa ya ce, "Ya yi kyau kamar zanen hula. Amma Mansir, ka tabbata ruwa ya iya karatu?"

"Ruwa ba ya karatu, umarni yake bi."

"To, Allah ya sa ka yi masa magana da yarensa."

Da safe Toma ya karɓi takarda, ya juya ta dama, ya juya ta hagu, ya ɗaga ta sama ya duba ta rana. Sai ya ja Mansir suka je gaban Baffa.

"Baffa, wannan ba shi ne na jiya ba. Jiya bututun ruwan sha yana haye na wanki ya wuce. Yau sun haɗu, har wuri uku. In na bi takarda, mahaɗi zan sa."

Mansir ya leƙa takardar. Sai yanzu ya tuna amfanin doron. Amma ga Baffa, ga Inna A'i ta baro tanda tana saurare, ga Anayo a kan matakala. Injiniya zai ce ya yi kuskure a gaban mai masa? Ya gyara tsayuwa.

"Mahaɗin ake so. Sabon tsari ne. Ruwa mai tsabta zai riƙa leƙawa yana wanke bututun datti, ba wari, ba toshewa."

"In na datti ya leƙo fa?"

"Ba zai leƙo ba. Ƙarfinsu ba ɗaya ba ne. Kai Toma, ka taɓa ganin talaka ya ture mai mulki?"

Inna A'i ta ce, "Na sha gani, ranar zaɓe."

Baffa ya shafa gemu. Shi dai bai gane takardar ba, amma ya ga tana da launi, an kuma buga ta da inji. Ya ce, "Toma, zamani riga ne. Hajiya takarda ta ce, abin da ke takarda shi za ka bi."

Toma ya zaro biro daga bayan kunne ya miƙa wa Mansir. "To Injiniya, sa min hannu a nan, da nan, da nan."

Mansir ya sa hannu da irin lanƙwasar da ya daɗe yana koyo don irin wannan rana.

Aka fara haƙa. Ba a yi awa biyu ba aka ji ihu daga shagon ɗinki. Madam Folake ce, tela, ta tsaya a bakin ƙofarta da almakashi a hannu, Toma kuma yana gabanta da diga.

"Mansir! Zo nan! Me ya kawo diga shagona? Ni na ce ina son famfo?"

Toma ya nuna takarda. Layin da jiya ya kewaye shagon ta baya, yau ya shiga ta ƙofa, ya bi ta ƙarƙashin keken ɗinki, ya fita ta bango.

Mansir ya ce, "Madam, hanya mafi kusa kenan. Kin san bututu nawa muka rage?"

"Ni ma hanya mafi kusa zuwa aljihunka ta cikin rigarka take. In bi da almakashi?"

"Ki yi haƙuri, ci gaba ne. Gobe za ki yi alfahari ruwan layin nan kaf ta ƙarƙashin ƙafarki yake wucewa."

"Kayan amarya uku ne a hannuna, biki ran Juma'a. Ci gaban zai ɗinka min?"

Sai da Baffa ya zo ya yi ta ban baki, ya yi alkawarin sabon daɓen siminti, sannan ta yarda aka fitar da kekunanta bakin titi. Kwana biyu tana ɗinki a waje, masu Keke Napep suna yi mata hon suna tambayar ko gwanjo take. Duk sanda Mansir ya gitta sai ta ɗaga almakashi ta ce ƙyas-ƙyas a iska. Toma kuwa ya sake zaro biro. Mansir ya sake sa hannu.

Rana ta uku layi ya iso rumfar Inna A'i. Bai tsaya a gefe inda aka shirya kafa famfo ba, sai da ya ratsa ta tsakiyar murhu.

Toma ya ce, "Injiniya, bututun roba ne. Nan kuma wuta ake hurawa tun asuba har azahar."

"To sai me? Ai riba biyu kenan. Inna, albishirinki."

"Goro, in na alheri ne."

"Daga yau ruwan zafi za ki riƙa samu a famfo, kyauta, kamar a babban otal."

Inna A'i ta dube shi tun daga hula har takalmi. "Ɗan nan, shekarata talatin a gaban wuta. Ban taɓa ganin roba ta yi zumunci da garwashi ba."

"Robar da kika sani daban, Inna. Wannan lissafin kwamfuta ne."

"Kwamfutar ta taɓa hura wuta?"

Aka yi dariya, amma Baffa ya riga ya ce a bi takarda, dattijo kuma ba ya magana biyu. Toma ya yi iya dabararsa, ya zurfafa ramin kamu guda, ya binne. Biro ya fito, hannu ya hau.

Na ƙarshe shi ne wanda ya fi ɗaure wa Toma kai. Ya tsaya a ƙofar shagon Mansir da dogon bututu a kafaɗa.

"Injiniya, wannan na rarar ruwa ne. A zanen farko kwata yake zuwa. Yanzu takarda ta ce cikin shagonka. Me za ka yi da shi?"

Mansir ya karɓi takardar. Ga layi nan ɓaro-ɓaro daga wuyan tanki ya cafke akwatinsa mai ruwan ƙwai. Anayo na tsaye a baya yana jiran amsa kamar mai jiran sakamakon ƙwallo.

"Sanyaya kwamfuta," in ji Mansir. "Manyan injina duk da ruwa ake sanyaya su. Ku da ba ku fita waje ba ba za ku sani ba."

Anayo ya ce, "Kai ina ka fita?"

"Na je Jos sau biyu."

Toma ya huda bango ya zura bututu. Da kowa ya watse, Mansir ya ja shi gefe ya tambaya ƙasa-ƙasa, "Wai shi wannan, ruwa da yawa yake zubarwa?"

"Sai tanki ya cika aka bar inji yana aiki."

Hankalin Mansir ya kwanta. Ya sayo bokitin roba ya ajiye a ƙarƙashin bakin bututun, ya rufe da kwali.

Toma ya so a gwada aikin kafin ranar buɗewa. Mansir ya ce gwaji na masu shakka ne. Baffa ya ce ba daidai ba ne wani ya riga Hajiya taɓa ruwan sadakarta. Ita ma wutar lantarki ta goyi bayansu, don kwana huɗu ba a kawo ta ba. Toma ya naɗe takardarsa ya sa a aljihun gaba, ya maɓalle.

Ranar Asabar da hantsi layin ya cika. An kafa rumfa, an jera kujerun haya. Inna A'i ta hura wutar da ba ta taɓa hura irinta ba, don masar baƙi ɗari biyu aka ce ta yi. Madam Folake ta ɗinka wa makunnin tanki jan ƙyalle. Anayo ya ba da aron janaretonsa, aka tayar da injin rijiya, ruwa ya fara hawa tanki, shi kuma ya koma bene don ya jiƙa fararen kayan wani otal a babbar kwatarniyar siminti, da sabulu da bula. Mansir ya kulle shagonsa, ya fito cikin shadda mai sitaci, ya ɗora hular kwano irin ta masu gini wadda ya aro.

Hajiya Habibatu ta iso, aka yi addu'a, Baffa ya yi godiya a taƙaice. Sai aka ce Injiniya ya yi bayani minti biyar.

Mansir ya karɓi lasifika. Ya fara daga tarihin ruwa. Ya gangaro kan tarihin kwamfuta. Ya bayyana yadda ya samu layuka a karkace, da doro, da yawon banza, ya ladabtar da su. Ya ce akwai masu aiki da hannu, akwai masu aiki da ƙwaƙwalwa, kowa da matsayinsa, ya ɗan waiwayi Toma. Toma ya matso ya raɗa masa, "Injiniya, tanki ya kusa cika, a kashe inji." Mansir ya kore shi da hannu kamar ƙuda, ya shiga bayanin rijiyoyi shida masu zuwa da yadda zai tsara su. Minti hamsin cif ya yi. Da bai tsaya shan iska ba, da Baffa bai samu ƙofar fizge lasifikar ba.

Hajiya ta yanke ƙyalle, ta yi bismilla, ta murɗa makunni. Aka yi tafi. Aka ji ƙasa ta yi gurnani, ƙulu-ƙulu-ƙulu, kamar cikin da ya sha tsohon kunu.

Ruwan farko da aka gani a kwata aka gan shi, garai-garai, yana gudu abinsa zuwa titi.

Hajiya ta ce, "Wancan fa?"

Mansir ya ce, "Wankin bututu ne, ranki ya daɗe. Yana cikin tsari."

Aka ce Baffa ya fara sa albarka a wurin alwala. Ya tsuguna, ya naɗe hannun riga, ya buɗe famfo. Famfo ya yi tari sau biyu. A daidai lokacin, can saman bene, Anayo ya ji tafi ya ɗauka an gama, ya zare toshiyar kwatarniyarsa. Baffa kuwa ya lumshe ido don jin daɗi, ya tara hannu biyu, ya kamfata ya watsa a fuska, ya ƙara, ya tsefe gemu da yatsu. Ya juyo ya fuskanci jama'a.

Gemun nan fari ya koma shuɗi kamar an tsamo shi daga marina, ga kumfa tana lilo a ƙarshensa.

Baffa ya buɗe ido ɗaya, ya ce, "Jama'a, ruwan nan da ƙamshi. Kuma yana da yaji."

Madam Folake ce ta fara fashewa da dariya. Ta riƙe ciki ta zauna a ƙasa. Sauran famfunan alwala su ma suka shiga aman kumfa, tana taruwa tana gangarowa wajen takalman baƙi. Anayo ya leƙo ta taga ya ga abin da ke faruwa, ya ɗora hannu a ka. "Wayyo bulata! Baffa, kar ka goge da rigarka, tana kamawa!"

Baffa ya dubi tafin hannunsa, ya dubi gemunsa, ya ce, "Mansir. Talaka ya ture mai mulki."

Mansir ya ɗaga hannu. "A kwantar da hankali! Wannan na farko ne kawai, yanzu zai..."

Bai ƙarasa ba aka ji fuuu daga rumfar masa. Bututun da ya kwana huɗu yana gasuwa a ƙarƙashin murhu ya yi laushi kamar tuwo, ruwa na isowa da ƙarfi ya yage. Ƙasa ta tsage, toka da tururi suka turnuƙe, tanda ta yi sama da masa goma sha biyu a cikinta, ta juya, ta sauko. Wata masa ta faɗa cinyar mai unguwa. Ruwa ya miƙe tsaye daga tsakiyar murhu har yana taɓa kwanon rumfa, ya sauko cikin robar ƙullu. Inna A'i ta fito daga cikin hayaƙi, fuska duk toka, da ludayi a hannu.

"Ina mai otal ɗin? Ina yake? Ɗan nan, zo ka yi wanka, ruwan zafinka ya iso!"

Mansir ya zagaya bayan kujerar Hajiya. "Ranki ya daɗe, zane ba shi da laifi. Matsalar masu aikin hannu ce, ba sa fahimtar takarda."

Toma bai ɗaga murya ba. Ya ɓalle aljihu, ya warware takarda a gaban Hajiya, ya sa yatsa. "Nan na ce kar a haɗa, ga hannunsa. Nan ma, nan ma. Nan na ce shago ne, ga hannunsa. Nan na ce wuta ce, ga hannunsa. Hajiya, ni ban yi boko mai nisa ba, amma na iya ajiye takarda."

Hajiya ta bi sa hannun ɗaya bayan ɗaya. "Malam Mansir, wannan lanƙwasar taka ce?"

"Ta yi kama da tawa. Amma injin bugawa kan canza abu. Asalin zanen yana cikin kwamfuta, bari in nuna miki, gani ya kori ji."

Ya nufi shagonsa da sauri, jama'a suka bi shi. Da ya lura da kyau, da ya ga ruwa na tsiyaya ta ƙarƙashin ƙofar ƙarfen. Toma ya ce, "Injiniya, da ka buɗe a hankali." Mansir ya cire kwaɗo ya fizgo ƙofa da ƙarfinsa.

Ruwan da tanki ya yi ta amayarwa tun tsakiyar bayanin rijiyoyi shida ya fito gaba ɗaya. Ya kwashe ƙafafun Mansir, ya zaunar da shi daɓas a tsakiyar layi. Katunan biki suka biyo baya ɗari-ɗari, da fom-fom na mutane, da takalmin sallarsa ƙafa ɗaya. A ƙarshe bokitin roba ya fito yana juyi a hankali, ya zo ya tsaya a gabansa. Hular kwano kuwa ta riga ta kama hanyar kwata.

Anayo ya leƙa cikin shagon, ya ga bututu na ta zuba a kan tebur. Ya juyo ya ce, "Jama'a, a yi masa adalci. Kwamfuta ta yi sanyi."

Hajiya Habibatu ta yi ƙoƙarin riƙe fuska, ta rufe baki da mayafi, amma da ta sake haɗa ido da gemun Baffa sai ta sake. Ta yi dariya har da hawaye. Da ta nutsu ta sa aka kashe inji, aka rufe makunni, ta yanke hukunci a tsaye. Toma zai tone bututu ya sake binnewa yadda ya sani, rijiyoyi shida kuma nasa ne. Zane, ta ce ta yafe. Amma tunda an sallami 'yan garuwa tun jiya, kuma layi ba zai zauna ba ruwa ba, wanda ya jawo, shi zai riƙa kai wa kowa ruwa har a gama.

"Ranki ya daɗe, ni fa injiniya ne."

"Shi ya sa. Ka fi kowa sanin hanya mafi kusa."

Haka aka yi. Kwana tara Mansir yana tura kura mai jarka goma, daga gindin tanki zuwa masallaci, zuwa rumfar Inna A'i, ya kuma hau bene da biyu-biyu. Hannunsa ya yi kanta, shaddarsa ta huta. Kwamfutar tana shanye a kan rufi tana jiran ikon Allah.

Rana ta bakwai, yana tsaye a bakin titi yana share gumi, wani baƙo ya tsayar da mashin a gabansa.

"Mai ruwa, jarka huɗu nake so."

Mansir ya miƙe ƙirji. "Malam, ka iya bakinka. Ni ba mai ruwa ba ne. Injiniyan rarraba ruwa ne, aikin gani da ido na fito."

"To Injiniya, huɗu dai nake so, ana ta jira a gida. Ba nisa, amma lungun da ɗan wuyar ganewa." Mutumin ya laluba aljihu ya zaro biro da guntuwar takarda. "Tsaya in zana maka hanya."

Mansir ya yi wuf ya riƙe masa hannu.

"Don girman Allah kar ka zana. Faɗa min da baki."